Zaiba a Gurbin Kanya

Tun da harkar boda ta yi sanyi, ba a yin mako guda ban ga saurayi a ƙofar gidana da sabuwar birgi, ragar jifa, a kafaɗa ba, yana cewa in nuna masa inda kifi yake. Jiya 'yan acaɓa ne masu tsallakar da buhun shinkafa ta bayan gari, yau sun wayi gari masunta. A ganinku su ba komai ba ne illa ka jefa raga ka jawo, ka kai bakin titi direbobin Maraɗi su saya. To, ni ne Ɗanladi, Sarkin Ruwan ƙauyenmu nan kusa da Riko a ƙasar Jibiya, kuma a cikin ruwan nan furfura ta same ni. Kafin in nuna muku inda kifi yake, sai kun zauna na nuna muku inda ba za ku taɓa ba. Kun ga sandar nan da aka kafa a bakin Gurbin Kanya, da ɗaurin kaba a kanta? Ni na kafa ta, kuma kuskurena ne ya sa aka kafa ta.

Aikin farko da Baffa Bawa ya ba ni, ƙanin mahaifina wanda na gaji sarautar ruwa a hannunsa, shi ne ɗaurin ƙugiya a jikin mamari. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi jere, ba a sa musu abinci, shimfiɗa ta ake yi kusa da ƙasan ruwa, kifin da ya zo wucewa ta kama shi ta inda ta samu. Rani guda cur na yi ina ɗaurin nan a gindin bishiya, ko tsoma ƙafa a ruwa bai bar ni na yi ba. Da na fara iyawa na ɗauka na gama, sai ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ido da shi.

"Baffa, ya za a yi in ɗaura ban gani?"

"Kai rago, cikin ruwa wa za shi riƙe maka hitila? Ɗaura mu gani."

Na soki kaina har yatsuna suka yi kanta. Amma kafin ruwan sama ya sauka, ina ɗaura ƙugiya ido rufe, ina hira ina ɗaurawa, har ya zama da shi aka san ni. In an yi baƙin masunta daga wani gari, akan kira ni in yi musu don a yi dariya. Bayan nan ne ya koya mini hawan gora, yadda za ka kwanta da ciki a kan ƙatuwar gora ka tuƙa da hannu da ƙafa ba ta juye da kai ba. Sannan jifan birgi, wadda nauyin dalmarta kaɗai ya isa ya tsinka wa sabon shiga kafaɗa. Wanda ya jefa ta faɗa a dunƙule, kifi dariya yake yi masa.

Abu biyu Baffa ya bar mini da ya ce su ne sarautar, sauran duk wahala ce. Na farko gwajin ƙwarya. In ka yi shakkar ruwa, ka ɗebo shi a ƙwarya, ka sa 'ya'yan karfasa uku, ka rufe da faifai ka ajiye a inuwa. In gari ya waye sun juya ciki sama, an zuba wa ruwan wani abu. In suna wutsil-wutsil, ruwa lafiya lau. Da gwajin nan na taɓa kama wani da ya tsiyaya maganin ƙwarin auduga a gurbi don kifi ya taso masa a banza, muka kai shi gaban mai gari. Tun daga ranar na yarda da ƙwaryar nan fiye da idona.

Na biyu shi ne rabon mai ciki. A wurinmu, kifin da ya fi kowane girma a kamun yini ba a kai shi kasuwa. Gidan da ake da mai ciki ko mai jego ake kai shi, a yi mata farfesu da yaji. Ko Hajiya mai abinci ta bakin boda, wadda ta fi kowa sayen kifina don tuwon direbobi da 'yan dako, ta san ba ta isa ta taya shi ba. Takan ce, "Sarki, wannan ƙaton hwa?" In ce mata yana da mai shi. Masuncin da ya sayar da rabon mai ciki, har ya mutu ana yi masa gori. Ni kuwa ina alfahari da cewa a zamanina ba a taɓa karya wannan ba.

Ku da kuka tashi kuka ga madatsar ruwa, kuna ganin ruwa abu ne da yake nan kullum. Gulbin nan kuwa da rani yashi ne zalla, mota ma tana bin cikinsa, sai 'yan wurare masu zurfi da suke riƙe ruwa har wata daminar. Su muke kira gurbi. Gurbin Kanya ya fi duka zurfi a wajenmu, ƙasansa baƙin taɓo ne, kuma nan tsofaffin tarwaɗa suke kwanciya, irin masu kai kamar turmi. Kusan duk rabon mai ciki daga nan yake fitowa.

Wata ranar Talata bayan an gama kaka, ina gyaran raga a gindin kanyar, sai ga wani mutum da babura uku ɗauke da buhuna. Iliya sunansa, mutumin wajen Gangara, na san mahaifinsa. Buhunan garin dutse ne da suka haƙo a daji suka niƙa, akwai zinariya a ciki. Rashin tsaro ya kore su daga inda suke wankewa, suna neman ruwa kusa da mutane. Ya gaishe ni da ladabi, ya durƙusa har ƙasa, ya nuna mini aikin. Ana zuba garin a kan wani katako mai gangare da aka shimfiɗa wa tsumma, a bi shi da ruwa, yashi ya tafi mai nauyi ya tsaya. Sai a tara mai nauyin a kwano, a ɗiga masa zaiba, wadda su suke kira makuri, a murza da hannu. Zaibar ta tattare zinariyar, a matse ta a ƙyalle, a ƙona a cokali. Ruwan kwanon da laka kuwa, a watsa su nan inda aka tsaya.

Na ce masa wannan farin abu mai gudu a tafin hannu ban yarda da shi ba.

Ya yi dariya. "Sarki, ruwa muka so, ba kihi ba. Abin ga ko a baki na sa shi bai yi mani komi." Ya ɗiga a harshensa, ya wasa shi a baki, ya tofar a kwano.

Ban tsaya ga maganarsa ba, na ce sai na gwada. Na ɗebo ruwan gurbi a ƙwarya, na sa ya ɗiga zaiba har sau uku, fiye da abin da yake sa wa kwano, na jefa 'ya'yan karfasa uku na rufe. Da safe suna nan suna iyo a kan zaibar, ita kuma tana kwance a gindin ƙwarya tana ƙyalli. Don in kore shakka na bar su kwana uku. Ko ɗaya bai mutu ba. Na je gaban mai gari da masunta na ce na gwada, abin nan ba ya taɓa kifi, nutsewa yake yi ya kwanta kamar tsakuwa. In kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Sarkin Ruwa ya yi magana, aka ba su gefen arewa na gurbin.

Rani biyu suka yi suna wanki a nan, daga mutum shida har suka fi talatin. Kifi bai ragu ba, bai rame ba, ɗanɗanonsa bai sake ba. Ni kuma da ma abincina ke nan, kan tarwaɗa da safe, kan tarwaɗa da yamma, don kai ba ya kuɗi a kasuwa.

A rani na uku ne, ina ɗaurin mamari, ƙugiya ta faɗi daga hannuna. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Na duba sai na ga jini a babban yatsana, ta soke ni ban ji ba. Na ce sanyi ne, aka yi mini ƙaho, aka jiƙa mini sassaƙe. Leɓena ma ya fara yin kamar ba nawa ba, in ina shan koko sai ya zubo ban sani ba. Abu matata ta ce tsufa ne ya zo ba sallama. Da abin ya kai ina taka yashi mai zafi da tsakar rana ba na ji, sai ɗana ya sa ni a mota zuwa asibiti a Katsina.

Aka auna sukari, babu. Aka auna jini, daidai. Sai wata likita, yarinya ce sa'ar 'ya'yana, ta ajiye takardun ta tambaye ni sana'ata, da abin da nake ci, da abin da ake yi a bakin ruwan da nake su. Da na ambaci masu wankin zinariya, ta ce tana son gashina a aika wani wuri a duba. Na cire hula, ta ga ƙwal. Muka yi dariya, ta sa almakashi ta yanki gemu. Ta ce in dawo in an kira ɗana a waya, kafin nan in rage cin kifin. Na ce to. A raina na ce yarinya ba ta san ruwa ba, ni da na yi gwajin ƙwarya. Ban rage komai ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

A lokacin nan autata Rakiya tana da cikin fari. Tun da aka gaya wa uwarta cikin ya tabbata, duk ƙatuwar tarwaɗar da ta fito daga Gurbin Kanya, in babu wata mai ciki a gabanta, gidan mijinta a Farfaru nake aikawa. Da cikin ya shiga wata bakwai ta dawo gida goyon ciki, sai abin ya zo mini da sauƙi, daga ruwa sai tukunyar Abu.

Ranar da na koma asibiti, likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce zaiba ce a jikina, kuma ta kifi ta shiga. Na ce ba zai yiwu ba, na ba ta labarin ƙwarya. Ta saurare ni har na gama.

"Baba, gwajinka na gubar da take kashewa nan take ne. Wannan ba haka take ba. In ta kwanta a taɓo, taɓon yana juya ta ta zama wani abu da yake shiga jikin ƙananan halittun ruwa. Ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, kuma ba ta fita. Kifi yana nan da ransa da ƙibarsa, yana tara ta shekara da shekaru. Wuta ba ta kore ta, gishiri ba ya kore ta, banda ma ba ta kore ta. Wanda ya fi tsufa da girma, ya fi cin 'yan'uwansa, shi ya fi ɗauke da ita."

Na ce, "Mafi girma?"

"Mafi girma. Ban da kai, wa yake cin manyan?"

Na ce, "Masu ciki."

Ta ajiye biro. Ta ce ai ɗan da yake ciki shi abin ya fi yi wa illa, don ƙwaƙwalwarsa ce take haɗuwa. Ta tambaye ni ko akwai mai ciki da take ci yanzu. Na ce ɗiyata, kuma jiya na kamo mata wata.

Ban taɓa jin nisan Katsina zuwa Jibiya ba sai ranar. Kowane shinge direba ya tsaya, ji nake kamar in sauka in ruga da ƙafa. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da gora ta juye da ni a tsakiyar ambaliya. Na shiga gida da la'asar ko sallama ban yi ba. Rakiya tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, kwanon farfesu a gabanta, ta kai loma baki. Na sunkuya na ɗauke kwanon.

"Baba, lahiya?"

Abu ta fito daga madafa da muciya a hannu. "Malam, mi ya same ka? Mai ciki ka amshe ma abinci a baki? A gidan ga?"

Na ce a kawo tukunyar ma. Na kai bayan gida na haƙa rami na juye duka, na rufe, don ko kyanwa kada ta samu. Sannan na dawo na zauna na gaya musu abin da likita ta ce, ban rage komai ba, har da cewa ta gargaɗe ni tun zuwan farko na yi kunnen ƙashi. Rakiya ta dafa cikinta ta ce, "To Baba, wanda na riga na ci hwa?" Washegari mijinta ya kai ta wurin likitar.

Ni kuma na sari sanda, na ɗaura mata kaba, na kafa a bakin Gurbin Kanya. Da ma haka muke rufe gurbi in ana son kifi ya hayayyafa, wata uku ko huɗu, sai Sarkin Ruwa ya sa ranar buɗewa. Wannan karon na ce babu rana. Mai gari ya tara mu a ƙofar gidansa, masunta gefe guda, su Iliya gefe guda. Na miƙe na ce maganar da na yi shekara uku da suka wuce kuskure ce, ni na yi shi, ba wani ba.

Wani abokin sana'ata, Mati, wanda muka koyi hawan gora tare, ya tashi a fusace. Ya zo da tarwaɗa a hannu, ya ɗaga ta sama tana harbin iska.

"Ku duba kihin ga! Wanga shi na mai ciwo? Ɗanladi, kai ka ce muna ƙwarya ba ta ƙarya. Yanzu wata yarinya ta yanke maka gemu ka zo ka hana mu abinci? Mi za mu ba iyalinmu, kaba?"

Mutane suka yi dariya, wasu suka goyi bayansa. Ban iya dogon bayani irin na likita ba. Na ce a miƙo mini ƙugiya da zare. Duk wanda yake wurin ya taɓa ganina ina wannan ɗauri ido rufe. Na zauna a gabansu, ido buɗe, rana tsaka, na kama ƙugiya ta faɗi. Na sake kamawa, zaren ya ƙi zagayawa. Na yi ta fama har ƙugiyar ta shige naman yatsana ta tsaya, na ɗaga hannun tana reto, jini yana ɗiga, na ce musu wallahi ba na jin komai. Iliya ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa, ya ce shi ma kwana biyu in ya ɗauki kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Mai gari ya yanke hukunci a nan take: ba wankin zinariya a bakin gulbi, ba kamun kifi a Gurbin Kanya.

Kada ku ɗauka daga nan aka tafa mini. Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Labari ya bazu har tasha cewa kifin wajenmu guba ne, ba a rarrabe na gurbi da na madatsa ba. Hajiya mai abinci ta koma sayen naman miya. Direbobin da suke tsayawa su ɗauki banda su kai Maraɗi suka daina ko kallonmu. Mati ya yi wata biyar ba ya amsa gaisuwata. Sau uku ina zuwa in tarar an tuge sandar an jefa a ruwa, sau uku ina sarar wata. Su Iliya sun koma can kan tudu sun haƙa rami sun shafe shi da siminti, amma ba zan rantse muku cewa babu masu saɗaɗowa ba. Kuma da damina in gulbi ya kawo, yana kwasar taɓon nan ya yi arewa da shi ya tsallaka Nijar, ba mai tsayar da shi a boda ya tambaye shi takarda. Na hau mota na je na gaya wa masuntan can abin da ya faru. Wasu sun ji, wasu sun ce tsohon Najeriya ya zo da tatsuniya.

Rabon mai ciki kuwa ban kashe shi ba, juya shi na yi. Yanzu in kun yi kamu a madatsa, ƙananan karfasa masu cin ciyawa, su za ku ware ku kai gidan mai ciki. Tsoffin mata sun yi ta yi mini tsiya, wai Sarkin Ruwa ya tsufa ya zama marowaci. Na ce na ji, a dai kai ƙananan. Gwajin ƙwarya ma ku koya, yana kama mai maganin ƙwari har gobe. Amma in kifi bai mutu a ƙwarya ba, abin da kuka sani kawai shi ne bai mutu ba, kada ku je gaban mai gari ku ce ruwa lafiya lau.

Rakiya ta sauka lafiya, mace, aka sa mata Nana. Ba ta zauna da wuri ba. Sa'o'inta suna gudu tana rarrafe, sai da ta haura shekara biyu ta taka. Yanzu tana da shekara huɗu, magana tana zuwa mata ɗaya-ɗaya, in tana tafiya tana ɗan tangaɗi. Na tambayi likita ko kifina ne. Ta ce ba za ta iya ce mini shi ne ba, ba za ta iya ce mini ba shi ba ne. Da wannan amsar nake kwana nake tashi, kuma ba ta da daɗi.

Kowace shekara in ruwa ya janye, nakan sari sabuwar sanda in je in kafa, don ambaliya tana tafiya da tsohuwar. Bana Rakiya ta kawo Nana gida, yarinyar ta ce sai ta bi ni. Muka taka a hankali har gindin kanyar, ni da sanda a kafaɗa, ita a gefena. Can na ji ba motsinta, na zaci ta tsaya a baya ko ta gangara wajen ruwa. Na waiwaya da sauri. Ashe tana nan, ta damƙe ɗan yatsana da hannunta duka tun daga gida, ni ne ban ji ba.

Na kafa sandar na danna ta da dutse. Ku tashi ku ɗauko birginku mu tafi madatsa, in nuna muku jifa. Amma duk wanda hannunsa ya kai ga kabar nan, ya sani da ni zai yi, muddin ina numfashi.